Agwagwar Baba da Kifin Ammi Salim

Da sunan Allah nake farawa, wanda yake daskarar da ruwa inda ya so, ya narkar da shi inda ya so.

Jikokina ne suka sa na ɗauki alƙalami. Wata Juma'a bayan cin abinci suka kewaye ni da waya, suna nuna mini mutanen ƙasashen sanyi zaune a kan tafkin da ya daskare, kowa ya huda rami a gabansa ya zura ƙugiya, ga wata mota mai kama da kwale-kwale tana jiransu a gefe. Babbar cikinsu, wadda ta fi kowa baki, ta ce, "Sitti, wannan ce sana'ar da kike damun mu da labarinta? Kifi da ƙanƙara? Ai zama ne kawai." Na ce mata waɗancan Allah ya ba su ƙanƙararsu kyauta. Mu a Jidda sayenta muke yi, kuma tun daga ƙofar masana'anta take fara gudu. Abin da su ba su lura da shi ba a hoton, wani dattijo ne da ke tafe gaban sauran, yana dukan ƙasa da sandan ƙarfe kafin ya taka. Ni shi na tsaya kallo, don aikin mahaifina ke nan. To tun da yanzu duk lokacin sanyi kuna kwasar manyan motocinku ku nufi bakin teku ta kudu da tabarmi da butar shayi, ku zauna ku karanta wannan kafin ku tafi.

Mahaifina Malam Idrisa a unguwar Nuzla ta nan Jidda aka haife shi, iyayensa sun zo hajji a ƙafa suka zauna. Sana'arsa ita ce ya kai wa masunta ƙanƙara, ya kwaso kifinsu ya kai Bangala, kasuwar kifi ta bakin ruwa, ya sayar ya mayar musu da abin da aka samu. Masuntan da muke yi wa aiki suna can kudu da Khumra, bayan an fita gari, a wani lungun teku da babu hanyar mota, 'yan bukkoki ne da ƙananan jiragen katako. Babbansu shi ne Ammi Salim, wani Balarabe siriri da rana ta gasa, mai ido ɗaya da rabi. Bai taɓa auna kifin da ya ba Baba ba. Sai dai ya nuna kwanduna da haɓa ya ce, "Amana, ya Idris." Baba ya ce, "Amana." Takardar ke nan, sa hannun ke nan.

Aikina na farko ɗinkin buhu ne. Ƙanƙara takan fito daga masana'anta dogo-dogo kamar akwatin yaro, kuma ba ta tafiya tsirara. Sai an yi mata riga da buhun nan mai kaushi da Larabawa ke kira kheshi, ninki biyu, a cusa garin katako tsakaninsu, a ɗinke da basilla da igiya. Gwaggo Hadiza, yayar Baba, ita ta koya mini, tun ina zuwa makaranta da safe ina dawowa in zauna gabanta. Mace ce mai jiki, in ta zauna a tabarma sai dai sauran mutane su nemi wata. Ba ta yabo. In ɗinkina ya yi kyau sai ta ajiye buhun a damanta ta ci gaba da tauna goro. In bai yi ba sai ta sa babban yatsa ta ɓarke shi tun daga sama har ƙasa, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Ta ce duk inda yatsa ya shiga, iska za ta shiga, kuma iska ɓarauniyar ƙanƙara ce. Ƙawayena a sakandare suna ɗinka furanni a jikin matashi, ni hannuna duk ya yi kanta.

Kayan aikin Baba ba su da yawa, amma kowanne da wurin ratayarsa a bayan ƙofa. Akwai zarto mai manyan haƙora, akwai ƙugiya mai baki biyu ta jan ƙanƙara, akwai guduma ta katako ta farfasawa, sai sandan ƙarfen nan da ya fi shi tsawo. In ya je masana'anta da asuba ba ya karɓar duk wadda aka turo masa. Yakan ɗaga ta ga haske. Wadda take garau kamar gilashi an ba ta lokaci ta daskare, za ta jure hanya. Mai farar zuciya a tsakiya an yi mata gaggawa ne, iska ce cike da ita, kafin ka kai Khumra ta zama tarihi. Masu lodi sun san shi har sun gaji, da sun hango shi sai su ce ga mai neman aure ya zo duba amarya.

Jera kifi a akwati shi ne aikin da na fi daɗewa ban iya ba. Ku kuna tsammanin zubawa ake yi a rufe. Farfasasshiyar ƙanƙara a ƙasa, kifi a kai cikinsa na kallon ƙasa yadda yake iyo, don ruwan da ya narke ya wuce kada ya kwanta masa a ciki. Babban kifi sai an cusa masa ƙanƙara ta baki da ta kunne. Najil, jan kifin nan mai ɗigo-ɗigon shuɗi da attajiran Balad, tsohon cikin birni, ke so, ba a ɗora masa komai, in fatarsa ta kwarzane darajarsa ta faɗi. Gindin akwatin kuma da huji. Kifin da ya kwana cikin ruwan kansa, ko sanyi ya kai sanyi, dillalin Bangala zai ɗaga kunnensa da yatsa ɗaya, ya shinshina, ya dube ka kallon da za ka gwammace ya zage ka.

Akwai kuma abokan ciniki na cikin unguwa, a lokacin da firji sai gidan wane da wane. Da azumi ƙofarmu cika take da kwanoni tun la'asar. Akwai wata maƙwabciyarmu da kullum take zuwa da ƙaramin kofi ta ce ɗan ɓallin da ya faɗi ƙasa kawai take so, kofin kuwa kowane mako sai ya ƙara girma, har ya zama tukunya. Baba bai taɓa yi mata magana ba. Wanda ya zo ya ce yaro ke zazzaɓi kuwa, ko da wane lokaci ne, sai ya yanke masa kusurwa guda ya ce a sa a tsumma a goshi, Allah ya ba da lafiya.

Motar da muke aikin da ita ba ku taɓa ganin irinta ba. Tsohuwar motar soja ce mai taya shida, cikinta kamar na jirgin ruwa, da farfela a bayanta. Wani kamfani ya yi shekaru yana sauke kaya da ita daga jiragen da ke tsayawa nesa da gaɓa, da ta tsufa aka kai ta gwanjo, Baba ya haɗa duk abin da ya mallaka ya saye ta. Mutanen Nuzla suka sa mata suna Agwagwa, don tana tafiya a ƙasa tana rangaji, ta faɗa ruwa ta ci gaba da harkarta. Da ita muke ratsa lungunan ruwan da sauran motoci sai sun yi dogon zagaye. Abu ɗaya ne ba ta iya ba, shi ne wurin da ba ƙasa ba ne kuma ba ruwa ba.

Wannan wurin shi ake kira sabkha, kuma shi kuke hawa da motocinku kuna kiɗa. Fili ne shimfiɗaɗɗe a bakin teku, samansa ɓawon gishiri ne da ya bushe ya yi tauri, ka ce daɓe aka yi. Ƙarƙashinsa baƙar laka ce mai wari, wadda ba a san gindinta ba. A wani wurin ɓawon zai ɗauki babbar mota, taku kaɗan gaba ba zai ɗauki jaki ba, kuma da ido duk ɗaya ne. Shi ya sa in mun iso bakinsa Baba yake sauka ya shiga gaba da sandansa, yana duka yana saurare. Wuri mai ƙarfi yakan amsa da tsauri, sandan ya yi tsalle a hannu. Wuri mai rauni yakan amsa kamar an bugi ƙwaryar da aka kifa. Mota tana bin sa a hankali kamar akuya a bayan mai dusa. Dokarsa ta biyu ita ce ba a komawa ta kan sawun da aka zo. Ɓawon da ya ɗauke ka da safe ya riga ya tsattsage ta ciki, da rana ba zai sake ɗaukarka ba, balle ka dawo da kaya.

Lokacin sanyi shi ne lokacin daɗin aikin. Ƙanƙara tana jinkirin narkewa, kifi yana yawa, sai Baba ya tafi da mu. Sanyin Jidda kun san shi, a wata ƙasa da shi za a ce bazara ta yi kyau, amma mu sai mu fito da bargo da hular ulu, Gwaggo har da safa biyu. Masunta sukan hura wuta da itacen da teku ta tofar, matansu su dafa shinkafa da romon kifi har ta yi duhu, mu ci a faranti ɗaya muna kallon tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna kiwo a ruwa. Bayan sallar azahar a yi lodi a kamo hanya.

Yanzu sai in kawo kakanku Usmanu cikin labarin, Allah ya jiƙansa. Daga Sudan ya zo, Bahaushe ne na can, ya koyi tuƙi a manyan motocin da ke ratsa rairayi. Baba ya ɗauke shi direba, kuma shekarun da suka yi tare ban taɓa jin an yi tafiya ɗaya Baba bai daka masa tsawa ba. Dama, ba wannan damar ba. Tsaya. Wa ya ce ka tsaya. Kakanku ya yi ta murmushi yana cewa to, Malam. Suna jin daɗin juna ƙwarai a haka. Sai da na gama sakandare Baba ya ba shi aurena, daga ranar kuma bakin kowa ya mutu. Jiya yaron mota, yau suruki. Baba ya daina ɗaga masa murya, ya daina kiran sunansa, sai dai ya ce mutumin nan. Kakanku in zai gaida shi sai ya durƙusa tun daga zaure, idonsa a ƙasa. Ni kuma ba na yi wa mijina magana a gaban mahaifina. Haka aka tarbiyyantar da mu, kuma ban ce abin banza ba ne. A gida yana da kyau. A kan sabkha ne ba mu taɓa gwada shi ba.

Shekarar da na yi aure ita ce mummunar shekararmu. An yi ruwan sama mai yawa a farkon sanyi, titunan gari suka zama koguna, masana'antar ƙanƙara ta yi kwanaki a rufe. Ana cikin haka aka fara share hanya ta nufi wajen masuntan, wani mutum mai sabuwar mota mai firji ya fara kai musu ziyara da sukari da ganyen shayi. 'Ya'yan Ammi Salim suka matsa masa ya ba mutumin kifi. Ammi Salim bai ɓoye wa Baba ba. Ya ce shi dai yana riƙe da tsohuwar amana, amma yaran sun girma, in aka samu kaya ɗaya ya lalace a hannunmu ba shi da bakin da zai kare mu. A makon nan kuma ƙanƙara ta zame daga ƙugiya ta faɗo wa Baba a ƙafa, babban yatsansa ya kumbura ya yi kamar albasa.

Ranar da abin ya faru, da safe Baba ya daure ya ratsa sabkha a ƙafa yana ɗingishi, muka isa lafiya. Muka tarar Allah ya ba masuntan najil irin wanda ban taɓa gani ba, manya-manya, har akwatunanmu suka kasa, muka ari kwanduna. Ina cikin jerawa na ji iska ta juya. Ta daina zuwa daga arewa, ta koma kudu, mai ɗumi mai danshi, wadda ake kira azyab. Gwaggo ta cire safa ɗaya. Ammi Salim ya dubi sama ya ce mu yi sauri, wannan iskar tana turo teku kan sabkha. Sannan ya nuna kayan da haɓa ya faɗi kalmarsa, Baba ya amsa.

Da muka iso bakin sabkha Baba ya jawo sanda zai sauka, ƙafar ta ƙi takuwa. Kakanku ya sunkuyar da kai ya ce, yana kallon sitiyari, ba zai yiwu babba yana jan ƙafa a rana shi yana zaune a inuwa ba. Da a bara ne da Baba ya ce masa rufe mini baki ka bi ni. Bana sai ya koma ya zauna a kan akwati a baya, kusa da ni. Gwaggo tana gaba gefen direba, don nan ne kawai wurin da ya ishe ta.

Kakanku ya san dokar sawu sarai. Amma duk shekarun nan bayan Baba yake bi, bai taɓa zaɓar hanya da kansa ba. Da ya ga fili fetal babu kowa a gabansa, ga hazo ya rufe nesa, sai hannunsa ya koma makarantarsa ta farko. A rairayin Sudan sawunka shi ne ranka, wanda ya bar shi ya ɓata. Ya ɗora tayoyinsa daidai kan sawunmu na safe, tsaf, kamar mai bin layin ɗinki.

Baba ya gani. Ya yi gyaran murya. Injin Agwagwa kuwa ko jaki ya yi kuka a kusa ba ka ji. Ya sake gyaran murya, har ya ƙware. Sannan ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ki faɗa wa mutumin nan ya bar sawun nan." Ni kuma ga mahaifina zaune, ta yaya zan buɗe baki in kira mijina? Na miƙa hannu na ja mayafin Gwaggo. Ta waiwayo, ta dube ni, ta kwance bakin zaninta ta ɓallo mini goro. Na girgiza kai. Ta ƙara mini wani ɓallin. Sai da na rarrafa na sa bakina a kunnenta, ta ce me, na maimaita, sannan ta gyara zama ta juya ta ce, "Usmanu, wai surukinka ya ce matarka ta ce mini in ce maka..."

Ba ta ƙarasa ba. Babu wata ƙara, babu girgiza. Agwagwa ta durƙusa ne a hankali ta baya, yadda raƙumi ke yi, baƙar laka ta ɓullo ta gefen tayoyi tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Kakanku ya ba ta wuta, ta ƙara zama. Ya kunna farfela, ta watsa mana laka har cikin shayi.

Can ta wajen teku ana hango ruwa yana tahowa siriri, yana sheƙi, kamar ana shimfiɗa tabarma. Kakanku ya leƙa ƙasa ya gaya wa tayar baya cewa wataƙila in aka jira ruwan ya iso, motar za ta taso da kanta. Baba ya dubi sandansa ya gaya masa cewa ruwan azyab iyakarsa ƙauri, ba ya ɗaga mota, jiƙa ɓawon kawai yake yi ya haɗiye abin da ke kai. Kakanku ya shaida wa tayar cewa to sai a sa wani abu a ƙarƙashinta. Baba ya tambayi sandan ko ya ga itace ko dutse a wurin nan.

Gwaggo ta tofar da goronta. Ta ce, "Tun da ɗayanku ya auri taya ɗayan ya auri sanda, ni bari in yi magana da mutane. Idi, me muke da shi mai kaushi a motar nan?"

Baba ya san amsar. Buhunan ƙanƙara ne, da garin katakon da ke cikinsu, da murafen akwatuna. In aka tuɓe su, ƙanƙarar da muka tanada don sauran hanya za ta tsaya tsirara a iskar azyab. Ya ce, "Yaya, kifin ba namu ba ne." Ta ce ta sani, amma in motar ta tafi, kifin ma ƙasa zai bi ta, sai ya je ya gaya wa Ammi Salim ya binne masa amana da kyau a cikin riga.

Ku riƙe yadda muka yi, ko Allah ya sa ba za ku buƙata ba. Ba wanda ya diro a tsaye. Baba ya zauna a gefen mota yana miƙa sanda yana duka har ya samo inda ɓawon ke amsawa da ƙarfi. Aka jera murafe zuwa can, kakanku ya riƙa jan akwatunan kifi a kansu yana rarrafe, don a rage wa motar nauyi. Wanda zai ratsa wuri mai rauni kwanciya yake yi ya baje jikinsa, kada nauyinsa ya taru a tafin ƙafa. Gwaggo ce ta sauka ƙarshe, rub da ciki, da igiya a ƙugunta, tana salati tana gargaɗin kowa ya kau da kai. Ni kuma na zauna da wuƙa ina farke ɗinkin da na yi wata guda ina yi. Ba a banza Gwaggo ta horar da ni ba, ɗinkin ya ƙi farkuwa, har ta ce da ta san haka da ta bar ni da ƙyuyata.

Kakanku ya sassauta iskar tayoyi, ya tona gabansu da hannu, ya cusa buhu da garin katako, ya ja kaɗan, ya sauka ya kwaso na baya ya mayar gaba. Haka, haka. Ruwan ya iso ya taɓa mana idon sawu kafin tayoyin baya su kama wuri mai ƙarfi. Da ta fito ba wanda ya yi murna da baki. Muka matsa can kan tudu, muka yi alwala da ruwan da ke ɗiga daga akwatuna, muka yi la'asar muna ƙarnin kifi, Baba yana limanci a zaune.

Da aka sallame na je na duba. Manyan ƙanƙarar nan sun koma kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Ta cikin akwatunan ma ta zama ruwa. Ga hanya da saura, don dole mu zagaya ta tudu, kasuwa kuma sai gobe da safe. Baba ya ɗaga kunnen wani najil, har yanzu ja ne, amma ya san ba zai kai ba.

Gwaggo ta ce a ba ta wuƙa. Ita ba a Jidda aka haife ta ba. A hanyar hajji iyayensu sun yi shekaru a bakin Tafkin Chadi suna neman guzuri, tana yarinya tana taya uwarsu gyaran kifi, a ƙasar da ba a taɓa jin sunan ƙanƙara ba. Ta nuna mana a tsaga ta baya, ba ta ciki ba, a buɗe shi kamar littafi, a cire hanji da jinin da ke jikin ƙashi, a wanke da ruwan teku, a tsattsaga naman mai kauri. Gishiri kuwa ga shi nan shimfiɗe a gindin tudun. Ta ba ni farantin shayi ta ce in kankaro farin na sama kawai, inda ruwa bai kai ba, kada in haɗo da ƙasa. Muka cuɗa, muka jera, gishiri kifi, gishiri kifi, har rana ta yi ja. Baba yana tsagawa yana girgiza kai, wai kifin da ake kai wa attajirai a faranti mai ruwan zinariya shi ake yi wa haka. Gwaggo ta ce attajiran su yi haƙuri su ci wake yau.

Allah ya taimake mu, kashegari iskar arewa ta dawo, busasshiya. Muka shanya kifin a kan soro, ni da Gwaggo muna gadi, kyanwoyin Nuzla kaf sun zo ta'aziyya sun jeru a kan katanga. Ƙamshin ya gangara unguwa. Tsofaffin matan da suka baro gida tun suna 'yan mata suka fara sallama, kowacce ta ce wucewa take yi, kowacce ta fita da ƙunshi. Wata ta ce rabonta da miyar kuka da busasshen kifi na kirki tun kafin ta ga teku. Bai kwana da yawa ba ya ƙare. Sai dai gaskiya, abin da aka samu bai kama ƙafar kuɗin ɗanyen najil ba.

Da ƙafar Baba ta sace muka koma, shi a gaba da sandansa. Ammi Salim ya riga ya ji cewa kifinsa bai shiga Bangala ba. Yana zaune bakin wuta, 'ya'yansa a tsaye bayansa, ba wanda ya yi mana tayin shayi. Baba ya ajiye abin da aka samu da busasshen kifi guda da Gwaggo ta ɓoye, ya ce kaya sun lalace a hannunsa, ba shi da wani uzuri. Kakanku, wanda tun aurenmu ban ji muryarsa sosai a gaban Baba ba, ya ce shi ne ya bi tsohon sawu. Baba ya ce wa wutar shi kuma ya gani. Ammi Salim ya ce to da ka gani me ka yi? Nan Gwaggo ta karɓe, ta ba shi labarin tun daga gyaran murya har zuwa goro, da Larabcinta mai ƙamshin Hausa, tana kwaikwayon kowa.

Ammi Salim ya yi dariya har rabin idon nan nasa ya rufe. Ya sa aka maimaita masa wurin goron. 'Ya'yan ma suka kasa riƙe fuska. Ya ɓalli kifin ya tauna, ya daɗe yana taunawa, sannan ya sa aka zuba shayi.

Ya ce ba zai yi mana ƙarya ba, najil da sauran manyan kifi sun tafi, daga yau na mai firji ne, ya riga ya ba yaransa baki. Baba ya ce haƙƙinsu ne. Amma, in ji shi, akwai ƙananan da mai firji ya ce ba ya so, waɗanda suke mayarwa teku, akwai kuma kamun ranakun da motarsa ba ta zuwa. In Hajiya, wato Gwaggo, za ta yi musu irin wannan aikin, ya ba mu, ba awo, kamar da.

"Da sharaɗi ɗaya, ya Idris," ya ce. "In kun hau sabkha, ba suruki ba ne, direba ne. Ka daka masa tsawa yadda ka saba."

Baba ya dubi ƙasa. Kakanku ya dubi wata ƙasar daban. Can Baba ya ce, a hankali, wannan kam ba zai iya ba.

Gwaggo ta ajiye kofinta ta ce, "Halas, magana ta ƙare, ya Salim, bar mini wannan. Ni zan daka musu su biyun."

Ta kuwa cika alkawari, Allah ya kai haske kabarinta.